Suna na Ashirin

Ƙarfe uku saura kwata na rana, Nerina ta riga ta kashe murhu tana goge tebura, sai wani dogon saurayi ya turo ƙofar gidan abincin ya shigo. Tun daga sumar kansa har takalminsa fari fat yake da garin dutse, kamar wanda ya faɗa buhun fulawa.

"Mun rufe," ta ce, ba ta ko daina gogewa ba.

"Na sani. Amma tun sha biyu nake neman gidan nan. Wayata ta kai ni gonar zaitun sau biyu, sau ɗaya ta kai ni maƙabarta. Sai wani tsoho a dandali ya ce in bi ƙamshin tafarnuwa, in na ga koriyar ƙofa marar allo in tura."

"Tsohon bai gaya maka biyu da rabi muke rufewa ba?"

"Ya gaya min. Ya kuma ce akwai wata masifaffiya a ciki, in yi haƙuri da bakinta, wai girkinta yana wanke mata laifi."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Ta yi niyyar haɗe rai, dariya ta ƙwace mata.

"Zauna can. Kuma kada ka karkaɗe min jikinka a kan teburin da na goge."

Haka gidan Osvaldo yake a garinmu na Serracava. Shekara arba'in ke nan Osvaldo, mahaifin Nerina, ya ƙi kafa allo, ya ƙi a sa shi a taswirar waya, ya ƙi rubuta jerin abinci. Matafiya kan taso daga Firenze suna zagaye tuddai suna tambaya, rabinsu su gaji su koma. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake yi wanda yunwar gaske ta koro zai samo ƙofar, wanda ya zo ɗaukar hoto kuma ya nemi wani wuri.

Nerina ta ɗumama sauran taliyar murji da miyar zomo, ta yanka burodi, ta haɗa masa da ƙaramin tulun jar giyar inabi. Ya ci bai ce uffan ba, ya sa burodi ya suɗe farantin tas. Wannan ya burge ta fiye da duk wani yabon baki.

"Sunana Tiziano, daga Torino," ya ce da ya dawo hayyacinsa. "Duwatsun tunawa da waɗanda yaƙi ya ci nake gyarawa, gari gari. Hukumar garinku ta ce in wanke naku, in sabunta haruffansa kafin ashirin da biyar ga Afrilu, ranar bikin tunawa da su."

"Kwana nawa za ka yi?"

"Da kwana goma na yi niyya." Ya dubi farantin, ya dube ta. "Yanzu ina ganin aikin ya fi ƙarfin wata guda."

"To gobe in ka wuce biyu da rabi, dutsen za ka ci."

Bai sake makara ba. Kafin sati biyu, duk Serracava ta san cewa Nerina, wadda ba ta taɓa ƙara wa kowa ko cokali ɗaya ba, tana ƙara wa mai gyaran dutse nama. Kafin sati uku wayarta ta daina hutawa a aljihun rigar girki.

Ya rubuto mata: "Barkonona, yau na gama harafi goma sha ɗaya, na ɓata biyu saboda kin wuce da kwando. In hukuma ta nemi bayani, sunanki zan bayar."

Ta mayar masa: "Mai Guduma, ba da sunan nawa, ni da su mun saba. Yau miyar wake da ganye ce. In ka makara kare zan ba."

"Wa ya ce wake nake zuwa ci? Mai dafawar nake zuwa gani."

"To ka zo ka gan ta, ita ma tun safe take duba agogo. Amma kada abin ya hau maka kai."

Mutum ɗaya ne wannan al'amari ya tsaya wa a wuya: Corrado, ɗan mai babbar gonar inabin da ke kan tudu, kuma kansila a hukumar gari. Shi yake kawo wa gidan Osvaldo giya, kuma shekara uku ke nan yana bin Nerina da yardar mahaifinta. Ba mugu ba ne a ce, amma in ya zauna hira ba shi da zance sai na gangunan giyarsa, wace ta tsufa, wace ta yi tsami. Nerina ta taɓa ce masa ya auri ɗaya daga cikinsu, su sun fi ta haƙurin sauraro.

Wata rana da yamma ta kai wa Tiziano kofi a dandali. Dutsen ya fito fes. Sunaye goma sha tara a jere, mazan da sojojin Jamus suka harbe a cikin kurmi shekara tamanin da suka wuce. Na uku shi ne Egisto Rontini, mahaifin kakarta Nonna Clelia. A ƙarƙashin na sha tara akwai wani layi da aka kankare da ƙarfe, sai tabo kawai.

Kowa a garin ya san labarin tabon. Mazan gari sun ɓuya a kurmi, wani mai suna Duilio Pancani ya nuna wa sojoji hanya, sojojin suka harbe su, suka haɗa da shi. Da farko an rubuta sunansa tare da nasu. Bayan shekara ɗaya maza suka taru suka kankare shi, matarsa ta ɗauki 'yarta ta bar garin, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Tiziano ya karɓi kofin bai sha ba. Ya ɗora yatsa a kan tabon.

"Nerina, akwai maganar da ta kamata ki ji daga bakina. Duilio kakan mahaifiyata ne."

Ta tuna Nonna Clelia da har yau take rarrafowa da sanda kowace Lahadi tana ajiye fure a gindin dutsen nan. Ta tuna mahaifinta, wanda in aka ambaci sunan Duilio sai ya tofar da yawu. Ta daɗe tana kallon Tiziano, shi kuma ya tsaya yana jiran hukunci.

"Kai ka nuna musu hanyar?"

"Lokacin ko uwata ba a haifa ba."

"To sha kofinka kafin ya huce."

"Bari in je in gaya wa Signor Osvaldo da kaina."

"A'a. Ranar Lahadi za ka zo cin abincin gida, ya zauna da kai, ya san ka tukuna. Bayan nan ni zan gaya masa. Na san Babbo, in ka ba shi labari kafin abinci ba ya ji."

Dabarar ba laifi, sai dai Nerina ta manta cewa takardun duk wanda hukuma ta ɗauka aiki suna bi ta hannun Corrado, kuma mai kishi ba ya gajiya da bincike.

Ranar Lahadi aka shimfiɗa tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Osvaldo ya zauna a kai, Nonna Clelia a gefe, Corrado ma ya zo da kwalba biyu ba wanda ya gayyace shi. Tiziano ya iso sanye da farar riga, hannunsa na dama a naɗe da bandeji, don ranar Juma'a kurfin sassaƙa dutse ya goce ya yanke shi.

Da farko komai ya tafi daidai. Osvaldo ya tambaye shi aikinsa, ya ji daɗin amsa, har ya tura masa cinyar zomo da hannunsa. Nerina ta fara sakin jiki. Sai Corrado ya miƙa wa Tiziano kwalba yana murmushi.

"Baƙo, zuba wa maigida mana."

Osvaldo yana hagunsa. Tiziano ya ɗauki kwalbar da hannun hagu, tafin hannunsa a sama, ya karkata ta ta baya ya tsiyaya a kofin.

Teburin ya yi tsit. A ƙasarmu ba a zuba wa mutum giya da bayan hannu. Zubin maci amana ake kiransa, kuma a ƙauye har yau ana ɓatawa a kansa. Tiziano tashin birni ne, ya taɓa ji a bakin tsofaffi, amma bai tuna ba sai da ya ga fuskar Nerina.

"Ka gafarce ni, Signor Osvaldo, hannuna ne..."

"Ba hannu ba ne, gado ne," in ji Corrado, yana juya kofinsa. "Signor Osvaldo, ka tambaye shi sunan kakan uwarsa. Jinin Duilio Pancani ne ka zaunar a teburinka."

Osvaldo ya dubi Tiziano. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

Ya juya ga 'yarsa. "Kin sani?"

"Na sani, Babbo. Ni na hana shi faɗa maka."

Osvaldo ya ɗauki kofin da aka zuba masa, ya tuntsurar da shi a ƙasa a hankali har ɗigon ƙarshe.

"Tashi ka fita min daga gida. Muddin ina numfashi, jinin Duilio ba zai haɗu da nawa ba."

Tiziano ya miƙe, ya sunkuyar wa Nonna Clelia da kai, ya fita. Tsohuwar ta ajiye cokalinta, ta bi shi da kallo.

Nerina ta kwance rigar girkinta, ta ninke ta, ta ajiye a gaban mahaifinta.

"To Babbo, daga yau hannun da ke murza taliyar gidan nan ya huta. Ka kira Corrado ya murza maka, tunda ya iya juya abu."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake gaya wa, kuma da ladabi. Ka kori mutum saboda laifin da aka yi shekara hamsin kafin a haife shi. Ina son sa, kuma shi zan aura. In ba shi ba, sai dai ku ajiye ni a ɗakin giya in tsufa tare da gangunan."

Kwana tara ana yajin aiki a gidan Osvaldo. Uba da 'ya suna gida ɗaya ba mai ce wa wani sannu, taurin kan kuwa iri ɗaya ne, don a wurinsa ta gada. Osvaldo ya shiga kicin da kansa. Taliyarsa ta riƙa fitowa kamar igiyar ɗaure jaki, tsofaffin da suka shekara talatin suna cin abinci a gidan suka fara barin rabi a faranti suna tambayar ko Nerina ba ta da lafiya.

Ita ma ba daɗi take ji ba. Tana son mahaifinta, kuma duk sanda ta ji shi yana tari shi kaɗai a kicin sai zuciyarta ta karye. Amma ba ta sauko ba.

A rana ta biyar Corrado ya tare ta a bakin kanti.

"Ke kina ta wahala a banza. Kin san ya rubuta wa hukuma takarda yana neman a mayar da sunan Duilio? An ce masa sai gidajen sha tara sun yarda. Gidanku ne mafi wuya, shi ya sa ya fara da ke."

Ta wuce kai tsaye dandali, ta sami Tiziano a kan tsani.

"Sauko. Ka rubuta wa hukuma takarda ko ba ka rubuta ba?"

"Na rubuta, tun kafin in zo garin nan."

"Don ita ka so ni?"

Ya sauko, ya ciro wata takarda daga aljihu mai hatimin hukuma. Takardar janye buƙatar ce, kwanan watan da ke jiki kuwa washegarin ranar da ya fara ce mata Barkono.

"Na zo neman suna a dutse, na sami abin da ya fi shi. Ban so ranar da za ki yi min tambayar nan ta zo in rasa amsa ba."

Kunya ta kama ta, amma Nerina ba ta iya ba da haƙuri da baki ba. Ta kama hannunsa mai ciwo ta duba bandejin, ta ce wanda ya ɗaura shi bai san aikinsa ba, ta kwance ta sake ɗaurawa.

Ana jajibirin biki ya turo mata saƙo: "Barkonona, aiki ya ƙare. Gobe bayan taro zan kama hanya. Ba zan iya zama sanadin rabuwarki da mahaifinki ba. Gidanmu sun san zafin a rasa gari, ba na so ki ɗanɗana."

Ta karanta sau biyu, ta rubuta: "Mai Guduma, ba kai ka haɗa ni da Babbo ba, ba kai za ka raba mu ba. Gobe ka tsaya a gaba inda zan gan ka. In ka tafi ba da izinina ba, har Torino zan biyo ka, kuma ba da fure ba."

Ashirin da biyar ga Afrilu, da hantsi, dandali ya cika. Masu bushe-bushe suka yi nasu, magajin gari ya ajiye furanni. Al'adar Serracava ita ce kowace shekara 'yar gida ɗaya daga cikin gidajen sha tara take karanta sunayen. In ta kira suna sai ta sauke hannu, mai kaɗa ƙararrawa a can saman hasumiyar coci ya buga sau ɗaya. Shi ba ya jin komai daga can, kuma dama kunnensa ya yi nauyi. Hannun kawai yake kallo.

Bana layi ya zo kan gidan Egisto. Osvaldo ya zaci Nerina za ta ƙi, sai ga ta ta fito cikin baƙar riga, ta hau dandamali, kanta a sama.

Ta kira na farko, ta sauke hannu, ƙararrawa ta amsa. Ta kira na biyu. Ta kira na uku, sunan Egisto. Haka har sha tara. Mutane suka fara mayar da hulunansu.

Nerina ba ta sauka ba. Ta sake ɗaga hannu.

"Duilio Pancani."

Ta sauke hannun. Ƙararrawa ta buga na ashirin, har ƙauyukan da ke ƙasan kwari sai da suka ji.

Dandali ya kaure. Wata mata ta dafe ƙirji, wani tsoho ya ɗaga sanda, Corrado yana ihu a sauko da ita. Osvaldo ya tsaya kamar an dasa shi. Nerina ta riƙe abin magana da hannu biyu.

"Ban san abin da ya yi ba, ku ma yawancinku ba ku sani ba, ji kuka yi kamar yadda na ji. Abin da na sani shi ne rana ɗaya aka harbe su, rami ɗaya aka zuba su. In Allah bai ware ƙasusuwansa ba, ni ba zan ware sunansa ba. Wanda zai jefe ni ya jefa, ga ni nan."

"Ba wanda zai jefe ki."

Nonna Clelia ce. Ta taso daga kujerarta, tana dogara sanda, mutane suna darewa. Ta ƙi karɓar abin magana, don haka dole kowa ya yi shiru.

"Ya nuna musu hanya. Da idona na gani, shekarata shida, ina bayan rijiya. Amma ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi. Jaririyarsa Marisa tana hannun uwarta, soja ya ɗora mata bakin bindiga a ka, ya ce ko hanya ko ita. Wane ne a cikinku zai ce a harba? Ya ɗaga hannu in gan shi."

Ba wanda ya motsa.

"Kuma bai bi da su ta gajeriyar hanya ba. Ta bakin rafi ya zagaya da su, yana tafe yana waƙa da ƙarfi kamar wanda ya bugu, don na kurmi su ji. Mutum goma sha ɗaya suka ji suka tsere. Corrado, kakanka yana cikinsu, ba don waƙar nan ba da babu kai babu gangunanka. Ubana ƙafarsa ce ke ciwo, bai iya gudu ba. Sojojin sun gane abin da Duilio ya yi, shi suka fara harbewa."

"Mamma," in ji Osvaldo. "Shekara tamanin, me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Ranar da za a kankare sunan na faɗa wa kawuna, ya mare ni har kunnena ya yi jini, ya ce yara ba sa ganin komai. Jamusawa sun koma ƙasarsu, mu kuma muna neman wanda za mu tsana a kusa. Daga baya na girma, na ji tsoro, na saba da shirun. Sai yau da na ga jikata ta yi abin da na kasa, kunya ta hana ni zama."

Osvaldo ya juya ya ratsa taron ya tafi gida. Corrado ma ya sulale, ba wanda ya ga fitarsa.

Nerina ta sami mahaifinta a kicin yana dambe da ƙullin fulawa, ga rabin gari za su zo cin abincin biki. Bai dube ta ba, ya turo mata ƙullin.

"Ban ce na yarda ba."

"Ni ma ban ce na tambaye ka ba, Babbo."

Ta wanke hannu ta fara murzawa. Suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, yana share ido da gefen hannu yana cewa albasa ce, alhali babu albasa a teburin. Can ya ajiye wuƙa, ya fita ko rigar girki bai cire ba. Nerina ta leƙa ta taga.

Tiziano yana ɗora tsani a motarsa. Osvaldo ya je ya tsaya a gaban motar, hannu a ƙugu.

"Ina za ka? Ka sa 'yata ta juya garin nan a kaina, sannan ka gudu ka bar ni da ita ni kaɗai? Sauke tsanin nan."

"Signor Osvaldo, ban so..."

"Na kore ka a gaban mutum uku. Yau a gaban gari zan shigar da kai. Na yi maka ba daidai ba, kuma ban iya dogon ban haƙuri ba, kada ka sa in maimaita. Wuce mu tafi, abinci zai huce."

Aka sa biki ƙarshen Satumba, bayan an gama tsinkar inabi. Maganar mayar da sunan kuwa har ranar hukuma ba ta gama muhawara ba, don mutanen Serracava sun fi saurin yafewa a teburin abinci fiye da teburin taro. Nerina ta ce su yi ta yi, ita dai duk shekarar da layi ya zo kanta ashirin za ta ƙirga.

Da safen ranar saƙo ya shigo: "Barkonona, yau ba zan makara ba. Tun ƙarfe bakwai nake bakin coci, har mai shara ya tambaye ni ko wani abu na ɓatar."

Ta amsa: "Mai Gudumana, ka tsaya nan. Abin da ka ɓatar yana zuwa, gashinsa ake gyarawa."

Aka ɗaura aure, aka watsa musu shinkafa, aka jera tebura tun daga koriyar ƙofa har dandali. Osvaldo ya sauko da ƙaramar gangar giya mai zaƙi da ya toshe ranar da aka haifi Nerina, ya fasa ta da hannunsa, ya ɗaga kofi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai irin na uwarsu, ku ma ku ɗanɗani abin da na sha. Tiziano, ɗana, na ba ka ita, kuma ba a dawo min da kaya."

Ana cikin dariya wata mota ta tsaya a bakin dandali. Mahaifiyar Tiziano ta fito, ta buɗe ƙofar baya, ta riƙo wata 'yar tsohuwa mai farin gashi. Kakarsa ce. Ta ƙi zuwa coci, ta kwana biyu a masauki a birnin Arezzo da ke kusa tana cewa ba za ta iya taka garin da ya kori uwarta ba. Yanzu ga ta tsaye, ta ƙanƙame jakarta, tana kallon mutane kamar mai jiran a ce ta koma.

Kiɗa ya tsaya. Nonna Clelia ta miƙe, ta ƙi a riƙe ta, ta taka har gabanta. Ta jingine sandarta a jikin motar, ta kama fuskar tsohuwar da hannu biyu.

"Ke ce jaririyar."

"Ni ce."

"Rabona da ke kina cikin farin zane, kina ta kuka. Sannu da zuwa gida, Marisa. Mun daɗe da ɓata miki, ki yafe mana."

Hawaye ya zubo wa Marisa. Nerina ta taso da rigar amarcinta, ta jawo mijinta, suka durƙusa a gaban tsofaffin biyu a tsakiyar titi. Clelia ta kama hannun jikarta, Marisa ta kama na jikanta, suka haɗa su wuri ɗaya suka riƙe.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Marisa. "Ku zauna a garin nan, ku haihu a nan, ku tsufa a nan. Kada wani ya sake korar ku."

"Amin," in ji Nerina. "Wanda zai gwada ma ya zo ya same ni."

Dandali ya amsa da amin gaba ɗaya, Osvaldo kuma ya je da kansa ya jawo wa Marisa kujera a kan tebur, kusa da tasa.